Tuwon Alkamar Kolo

"Ɗauki buhunka ka fice mana daga gida, Abdulmannan!"

Zulaihat ce ke magana. Tana tsaye a bakin zaure rungume da magenta Kolo, wadda ta yi laƙwas kamar jiƙaƙƙen tsumma.

"Haba rabin raina, ki saurare ni mana..."

"In saurari me? Ciwon suga likitan dabbobi ya ce tana da shi, kai kuma ka bi ta da tuwo!"

"To ai na alkama ne! Babana ma ciwon ne da shi, kuma shi yake ci. Daga gonata na ɗebo."

"Babanka mage ne?"

Ya saɓa buhunsa ya fita ko waiwaye babu.

Kolo ba magen banza ba ce. Ita kaɗai mahaifiyar Zulaihat ta rasu ta bar mata mai numfashi. Likita kuwa bai ɓoye komai ba: ban da tuwo, ban da shinkafa, ban da fura da madara. Sai dafaffen nama, kifi ko ƙwai, ba gishiri ba albasa. Kuma kada a yi mata allurar sugar sai ta ci abinci.

A tsakar gida Zulaihat ta tarar da Goggo 'Yar'azumi, ƙanwar babanta, tana tankaɗe tana murmushi.

"Kin ga halin manomin naki ko? Ɗana Safiyanu da kika ƙi ba zai yi wannan wautar ba."

Zulaihat ta tsaya cak.

"Goggo, ba ke kike tuƙa wa Kolo tuwon ba in na tafi koyarwa?"

"Oho! Shi ya tambaye ni abin da ya dace, na ce alkama. Duk Haɗeja wa bai san ita masu suga ke ci ba?"

"Tare fa muka je wurin likitan. A kunnenki ya faɗa!"

Goggo ta ci gaba da tankaɗenta, ko a jikinta.

Wunin ranar Zulaihat ba ta ga ta zama ba. Ta dafa kaza, Kolo ta sunsuna ta kau da kai. Ta ɓare ƙwai, ko kallo bai ishe ta ba. Ta riga ta saba da tuwo da romo, sai ruwa take ta ɗirka. Ba ci, ba allura. Zulaihat ta leƙa zaure, ta dawo ɗaki, ta kira wayar Abdulmannan ta ji ta a kashe. Tsoro ya kama ta sosai, ga nadamar baƙar maganar da ta yaɓa masa.

Washegari da hantsi aka yi sallama.

Shi ne. Wandonsa jiƙe sharkaf, hannuwansa duk kacalla, ciyawar nan ta fadama mai kaifi, ta yanyanke su. Yana riƙe da bokiti, karfasa na wutsil-wutsil a ciki.

"Daga ina haka?"

"Daga garin Guri. Sai da na fara zuwa wurin likitan, ya wanke ni tas. Ya ce mai ƙin abinci a gwada ta da sabon kifi. Na bi masunta cikin kwalekwale."

"Kai da ko gada ba ka son hawa?"

"Idona a rufe na je, a rufe na dawo."

Dariya ta zo mata tare da hawaye.

Ta dafa a ruwa zalla. Shi ya durƙusa yana zare ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya miƙa tsokar a tafin hannunsa.

Kolo ta ɗaga kai.

Ta sunsuna...

Ta lasa, ta kama ci.

"Alhamdulillahi!" Zulaihat ta zabura ta ɗauko allura. Da ta gama, ta sunkuyar da kai. "Ka yafe min, masoyi. Na san ba laifinka ba ne."

"Laifina ne da ban tambaye ki ba. Gobe kaza, jibi ƙwai, in ji likita. Kuma ranar da za a kawo ki, har da ita."

Goggo da ke laɓe ta yi caraf: "Amarya da mage? A gidan wa aka taɓa yi?"

Zulaihat ta juyo ta dube ta, ta share hawayenta.

"A gidan Abdulmannan za a fara, Goggo."