Gefen Mai Rai

Sylvester, mai fentin alluna a Sabon Gari, ya ji al'adar ne daga bakin wani Baturen Reluwe. A Ingila idan matar babban gida ta rasu, akan zana tambarin gidansu a allo a rataye a coci, gefenta baƙi, gefen mijin da ta bari fari.

Da matarsa Nneka ta rasu, ya ce ita ma ba ta gaza haka ba. Ba su da tambari, sai ya zana keken ɗinkinta. Amma da ya zo gefensa, hannunsa ya ƙi ɗaukar farin fenti, ya shafe shi baƙi ƙirin. Kwana uku yana shago, bai ci ba, bai leƙa ɗansu Obinna ba.

A dare na uku, bayan jirgin Legas ya wuce, fitilar ƙwai ta yi ƙasa da kanta. Ƙanshin man kaɗanya ya danne warin fenti. Ga wata mata a lulluɓe a bakin ƙofa.

"Mun tashi, Madam," in ji shi.

Ta tako ta cikin fentin da ya zube a ƙasa, ba ta bar sawu ba. Ta tsoma buroshi a farin fenti, ta miƙa masa. A ɗan yatsanta akwai tabon allurar keke.

"Baban Obinna," ta ce a hankali, "baƙin nan nawa ne ni kaɗai."