Injin da Ya Ƙi Shan Ruwa

Da almuru abin ya fara, lokacin da hasken taga ya yi ja, unguwa ta yi tsit. Maman Auta ta jera kwanuka a cikin injin wanki, ta rufe, ta danna. Injin ya yi gurnani, ya sake yi, amma ko ɗigon ruwa bai shiga ba.

A gidan suka tarar da injin sa'ad da suka tare a saman benen, ya daɗe a rufe ba mai taɓa shi. Ta murɗa famfo, ruwa na zuwa da ƙarfinsa. Ta duba tiyo ko ya lanƙwashe, lafiyarsa lau. Ta danne murfin da gwiwa ko bai kama ba ne. Shiru.

Washegari mai gyara ya zo. Ya kwance tiyon, ruwa ya feso masa a fuska. Ya wanke 'yar rariyar da ke bakinsa, ya canza makunnin da ke buɗe wa ruwa hanya, ya mayar. Injin ya sake gurnani a bushe. Yana tsugune yana sosa ƙeya, sai cokali ya taso daga kan kantar kicin ya doki bayan hannunsa, alhali ba kowa a wajen.

"Uwar gida, wannan ba aikin sifana ba ne," in ji shi. Ko jakarsa bai tsaya rufewa ba.

Daga ranar, rana na faɗuwa sai kwanuka su fara kaɗawa. Tsakuwa na zubowa daga silin da ba shi da huda. Can ƙasa-ƙasa ana jin wani siririn kuka kamar na jinjirin mage. Maman Auta ta so ta kwashi iyalinta ta gudu, amma ina? Maigida direban babbar mota ne, yana can wata uwa duniya. Surukarta kuwa shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita, ba mai iya sauko da ita daga benen nan. Ga ƙofa a buɗe, ga ba halin fita.

Sai abin ya koma kan 'yarta Auta. Uwar ta same ta zaune a ƙasa, ta jingina bayanta da murfin injin, idanu a kafe. Ta ja hannunta, kamar an dasa ta. Ba ci, ba sha, har leɓɓanta suka tsage.

Maƙwabciya ce ta kawo Malam, wani dattijo marar yawan magana. Ya zauna a bakin ƙofar kicin ya fara karatu a hankali. Duhu na shigowa, muryarsa na ƙara nauyi. Can bakin Auta ya buɗe, wata dusasshiyar muryar mace ta fito.

"Tsoho, daina ƙona ni."

"Me yarinyar nan ta yi miki?" in ji Malam.

"Ba ita ba ce, uwarta ce. A cikin akwatin nan na haihu tun gidan ba kowa. Kullum sai ta danna, tana so ta sako wa 'ya'yana tafasasshen ruwa. Da tafin hannuna nake toshe bakin tiyon. Na gaji, shi ya sa na sa 'yarta gadi. A bar min akwatin da yarinyar har nawa su yi ƙafa."

"Yarinya ba taki ba ce, gida ma haka. Ki fita, ko in ci gaba."

"Ɗaya bayan ɗaya zan kwashe su. In na saki, wa zai tare min ruwan?"

"Ni," in ji Maman Auta, kafin ta san ta yi magana. Ta rarrafa, ta zare wayar wutar injin, ta murɗe famfon, ta riƙe shi da hannu biyu. "Wallahi ban sani ba. Kwashi naki, ki bar min tawa."

Malam ya buɗe taga. Murfin injin ya ture Auta gefe, ya sauko da kansa. Wata iska mai sanyi ta gifta ta fita, ta dawo, ta sake fita, kukan nan yana raguwa har ya ɗauke. Auta ta yi atishawa, ta sulale a jikin uwarta.

"Mama, ƙishirwa," ta ce, da muryarta ta ainihi.

Bayan yarinyar ta sha ta yi barci, Malam ya ce a gwada injin. Maman Auta ta mayar da wayar, ta buɗe famfo, ta kai yatsa kan madannin, sai ta fasa. Ta durƙusa, ta haska fitilar wayarta cikin kowane lungu na injin.

"Baiwar Allah," ta ce a hankali, "ba wanda kika manta?"

Sai da ta saurara ta ji shiru, sannan ta rufe ta danna. Ruwa ya shigo da gudu.