Wadda Ta Fara Tashi

"Gleb Matveyich, don Allah sakar mini hannu... za a gan mu!"

"A gani mana! Wata huɗu kina wanke mini rauni, kina ɗura mini miyar kabeji kamar jariri, ba wanda ya ce uffan. Sai yau riƙe hannu ya zama laifi?"

Ulyana ta zare hannunta ta ci gaba da cusa safar ulu cikin akwatinsa. Ba ta yarda ta ɗago ba, don ta san in ta kalle shi cikin kakin nan kuka zai ƙwace mata.

Ita 'yar marigayi likitan gidan ce, Gimbiya Praskovya ta riƙe ta tun tana shekara tara. Shi kuwa Yarima Gleb ɗan Gimbiyar ne tilo, kyaftin a rundunar sojan doki. An kawo shi gida da harsashi a kafaɗa, wanda ya samu garin ɗauko wani ƙaramin sojansa da ya faɗi a duwatsun Kafkas. Kai, mutumin nan! Da ya warke aka nema masa kujera mai laushi a Petersburg, ya ce a kai kasuwa, mutanensa na can cikin sanyi suna jiransa.

"Na sake yi wa Mama magana," ya faɗa a hankali.

"Me ta ce?"

"Abin da ta saba. Wai jinin gidanmu na Turanov bai taɓa haɗuwa da na likita ba."

"To shi ke nan ai..."

"Ba shi ke nan ba, kurciyata! Ba zan shigo da ke gidan nan ta taga ba, kuma ba zan auri wata ba. Sai ranar da Mama ta ɗaga hoton Uwar Almasihu a kanmu ta sa albarka. Ko shekara goma ce zan jira."

"In ka dawo ke nan," ta ce.

Ƙararrawar dawakai ta kaɗa a ƙofar gida. Lokacin zaman sallama ya yi.

Ba a fita tafiya sai an yi wannan zaman, kowa ya sani. A rufe ƙofa, kowa ya zauna shiru na ɗan lokaci, kuma ba mai motsawa sai babba a gidan ya fara tashi. Gimbiya ta zauna a doguwar kujera, ɗanta a gefenta. Ulyana ta raɓa kan akwati a bakin ƙofa tare da barori, inda ta saba zama shekara da shekaru.

Minti ɗaya ya wuce. Biyu. Biyar.

Gimbiya ko gezau!

Kukun gidan ya fara zare ido. A waje dawakai na buga ƙafa a kan ƙanƙara. Jibi rundunar za ta tashi, in Gleb bai isa tashar canjin dawakai kafin rana ta raba ba, za su hau dutse babu shi. Amma yana zaune ƙyam, hularsa a gwiwa. Wannan da ba ya tsoron igwa, ba zai iya miƙewa kafin uwarsa ba.

"Mama..." ya yi raɗa.

"Ba zan tashi ba!" Tsohuwar ta karya shirun da kanta. "In ka isa ka tsallake ni ka wuce."

"Kin san ba zan yi ba."

"Na sani." Ta juyo da jajayen idanunta bakin ƙofa. "Ke Ulyana! Kina son sa?"

Ulyana ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. "Ranki ya daɗe... ina son sa."

"To na ba ki. Yau ɗin nan zan sauko da hoton in sa muku albarka. Abu ɗaya kawai: ki ce masa ya ajiye kakin nan ya zauna gida. Maganarki yake ji, ba tawa ba."

Wayyo Allah! Abin da ta kwana ta tashi tana roƙo, ga shi an ɗora mata a tafin hannu. Kalma ɗaya ce. Ta dubi Gleb. Bai roƙe ta ba, bai kuma hana ta ba, kallonta kawai yake, fuskarsa ta yi fari fat. Nan ta gane in ta ce zauna, zai zauna ɗin. Sai ta tuna zazzaɓinsa, yadda yake kiran sojojinsa ɗaya bayan ɗaya da sunansu, yana tambaya ko an ba su takalma.

Ta yi alamar gicciye a ƙirji, ta miƙe tsaye.

Kuku ya dafe baki. Marainiya ta riga uwar gida tashi! Tunda aka gina gidan ba a taɓa yi ba.

"Tashi, Gleb Matveyich," ta ce, hawaye na zuba. "Ni na ɓata zaman, laifin yana kaina. Tafi, rana na yi."

"Ke!" Gimbiya ta daka tsawa. "Kina da hankali kuwa? Na ba ki shi kin mayar mini?"

"Ranki ya daɗe, in ya zauna saboda ni, kullum idonsa na kan hanya. Duk sojan da ya mutu a can, a fuskata zai riƙa ganinsa. Wanda nake so shi ne mai tafiyar nan... ko da ba ni zai dawo wa ba."

Tsohuwar ta dubi ɗanta.

"Ni rigar ubansa na riƙe," ta ce da ƙyar. "Ya fizge ya fita cikin fushi, ko zaman ba mu yi ba. Bai dawo ba. Shekara ashirin da biyu ban yafe wa kaina ba." Ta share ido da bayan hannu, ta juya ga Gleb. "Me kake kallo, sakarai? Sauko mini da hoton!"

Suka durƙusa a gabanta, kafaɗa da kafaɗa. Ta ɗaga hoton a kansu, ta sa albarka, suka sumbace shi ɗaya bayan ɗaya.

"Ulya... raina," Gleb ya raɗa mata, "ban taɓa ganin jaruma kamarki ba."

"Rufe mini baki, ka dai sa safar nan," in ji Ulyana.

"Wancan zaman ya lalace, a sake," in ji Gimbiya. Ulyana ta nufi akwatinta, tsohuwar ta cafko gefen rigarta. "Ina za ki? Nan ne wurinki."

Wannan karon minti ɗaya cak aka yi, Gimbiya ta fara tashi.

Da Gleb ya tafi, su biyu suna tsaye a bakin ƙofa cikin sanyi har ƙarar ƙararrawa ta ɓace bayan itatuwa. Sai a lokacin Ulyana ta kama hannun tsohuwar.

"Mu shiga, 'yata, shayi zai huce," in ji Gimbiya. "Jiran soja aiki ne mai wuya. Zo in koya miki."