Ƙuli-ƙulin Ɗela

Tun hantsi Ɗela take zaune a bakin kasuwar Mallawa da ƙwaryar ƙuli-ƙuli da tulun man gyaɗa, har la'asar ba wanda ya ko taya. Wayyo duniya! Matan da take raba inuwa da su sun janye tabarminsu can nesa, duk uwar da ta zo wucewa sai ta fizge hannun ɗanta tana tofa addu'a. Ɗela ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a zanenta.

Ba haka take a da ba. Tun da gardawa, wato dogaran kumandan Nasara, suka tafi da mijinta Mainassara aikin dole na hanyar Damagaram, aka dawo mata da rigarsa kawai, wannan sana'a ce uwarta ita ce ubanta, don ba ta da kowa a garin. Allah kuwa ya sa wa hannunta albarka, har daga Dungas ake aiko sayen manta. Wannan shi ya tsaya wa Gimbiya a rai, ƙanwar marigayin, wadda ita ma mai take sayarwa amma nata sai ya kwana ya wuni. Da yara suka fara ciwon ciki a unguwa, Gimbiya ta ɗora hannu a ka a bakin rijiya tana kururuwa, wai Ɗela mayya ce, ta cinye mata wa, yanzu ta koma kan yaran mutane da ƙuli-ƙuli!

Abin da aka yi wa baiwar Allahn nan, ni kam ko faɗarsa ba na so. Aka jawo ta gaban jama'a, aka sa ta tsallake yaro mara lafiya don ta saki kurwarsa, tana kuka tana cewa, "Wallahi ban san komai ba... ku ji tsoron Allah!" Masu yin mai da suke zuwa taya juna daka da matsa suka ɗauke ƙafa. Ita kaɗai ke suya, ita kaɗai ke juya turmi har tafin hannunta ya sale, ta kai kasuwa ta dawo da kayanta. Daga ƙarshe ta kife kaskon, ta rufe ƙofa, ba mai yi mata sallama sai kajinta. "Ya Allah," take cewa a kan sallaya, "kai ne shaidata, ba ni da wani."

Amma fa ciwon yara bai tsaya ba, sai ma ƙaruwa. Uwani, tsohuwar da ta koya wa rabin matan garin wannan sana'a, ta kasa samun sukuni, don ta lura yaran da ke ciwo duk masu cin kayan Gimbiya ne. Ran nan ta kwashi mata suka faɗa gidan Gimbiya ba zato, wai sun zo taya aiki. Me za su gani? Buhunan gyaɗa ruɓaɓɓiya, ta yi funfuna har ta yi baƙi, irin wadda kantin Nasara na Magaria ya ƙi karɓa, ita Gimbiya take samowa a arha tana soyawa! Aka kai magana gun mai gari. Aka tuttule manta a ƙasa, aka hana ta kasuwa, yaran da suka daina cin kayanta kuwa suka miƙe. Kunya ta kore ta, ta tsallaka iyaka ba wanda ya raka ta.

Matan suka zo suka tuba, suka haɗa wa Ɗela gyaɗa daga rumbunansu, suka taya ta aiki. Duk da haka ranar kasuwa mutane suka tsaya nesa, don tsoro ba ya fita da wuri. Ɗela ta fara tattara kaya.

Sai ga Uwani da jikarta a hannu. Ta zauna daram a tabarmar Ɗela, ta ɗauki ƙuli-ƙuli ta gutsura, ta sa wa yarinyar sauran a baki, kasuwa duk tana kallo.

"Inna..." in ji Ɗela da hawaye. "Jikarki ce fa."

"Na sani, 'yar nan," in ji Uwani, ita ma idonta ya cika. "Share hawayenki ki tashi, ga mutane na jira."