Hoton Bakin Tafki

Ranar da Chizuru ta fara ganin Ryohei, motarsa ce ta tare mata hanya. Tana saukowa daga gona da 'yar akori-kura cike da kabeji, tana shan kwana ta tarar da farar mota a tsakiyar titi, mai ita yana gefe yana ɗaukar hoton tsaunuka hankalinsa kwance.

Ta danna oda ba ta saki ba.

"Kai malam, titin gidanku ne?"

Ya taho da gudu yana sunkuyawa. "Ki yi haƙuri, yanzun nan na tsaya."

"Duk ɗan birni haka yake cewa. Janye min."

Da yamma sai ga shi a ƙofar masaukin baƙi na mahaifinta, tsoho Kamijo. Ya ce sunansa Momose Ryohei, ma'aikacin wani kamfanin yawon buɗe ido ne a Nagoya. An turo shi ya tsara hanyar da motocin bas za su bi cikin tsaunukan Kiso idan kaka ta yi, ganyaye suka rikiɗa suka koma ja.

Tsoho Kamijo ya ajiye butar shayin da ke hannunsa.

"Bas? A ƙauyen nan? Mun taɓa ganin irinku. Sun tattake mana gonaki don hoto, sun bar mana shara, ko ruwan shayi ba su saya ba. Ka kwana tunda ka riga ka zo. Gobe ka kama gabanka."

Ryohei bai kama gabansa ba. Washegari ya baje taswira a teburin cin abinci. Chizuru ta kawo masa taliyar soba, ta leƙa, ta ga abin da ya rubuta a kan sunan ƙauyensu.

"A tsaya a kama ruwa. Wato mu banɗaki ne a wurinku."

"Ba haka nake nufi ba, Kamijo-san," in ji shi, yana kiranta da sunan gidansu don girmamawa.

"To me kake nufi?"

Ya tura mata biro. "Zauna ki gaya mini yadda ya kamata."

Ta zauna don ta gasa masa magana, sai ga shi har taliyar ta huce suna musu. Ita ta ce a kai mutane tsohuwar gadar katako, su hau dutse a ƙafa su ga kwarin daga sama. Shi ya ce yawancin fasinjojinsa tsofaffi ne masu ciwon gwiwa, ba zai kashe iyayen mutane don ta ji daɗi ba. Ta ce ba shi da zuciya. Ya ce ita ba ta da tausayi. A ƙarshe suka yarda da gadar, da abincin rana a ƙauye, aka bar hawan dutsen.

Da ya koma Nagoya sai saƙonni suka fara.

"Chi-chan, yau na ci soba a nan, ba ta kama ƙafar taku ba. Na rasa abin da ke damuna, ko tashar jirgi na shiga sai in ga kamar ke ce a gabana."

Ta amsa: "Wa ya ba ka izinin ce mini Chi-chan? Ka zo ran Asabar, akwai sauran gyara a taswirarka. Ka taho da rigar sanyi, Ryo, kada ka zo kana rawar ɗari kamar ɗan tsako."

Babu wani gyara a taswirar. Da ya zo ran Asabar, bayan ƙauye ta ja shi, suka ratsa ta cikin dogayen bishiyoyi har suka fito bakin wani ƙaramin tafki, ruwansa garau, ana ganin duwatsun ƙasansa. Daga nan ruwan yake gangarawa fadamun wasabi na mutanen ƙauye, wata shuka mai yaji da ba ta jure ƙazanta ko kaɗan. Shi ya sa ba sa nuna wa baƙo.

"Nan mamata take kawo ni kafin ta rasu," in ji Chizuru. "Kada in ga wurin nan a takardunku."

"Na yi miki alkawari."

Ta tsaya a bakin ruwan, ya ɗauke ta hoto, ta harare shi, amma ba ta ce ya goge ba.

Ganyaye sun fara ja ke nan, wata safiya tsoho Kamijo ya shigo kicin ya dangwarar da wayarsa gaban Chizuru. Tallan kamfanin su Ryohei ne. Ga ta nan tsaye a bakin ruwa, a sama an rubuta: Tafkin da ba kowa ya sani ba.

"Shugaban ƙauye ne ya turo mini," in ji tsohon. "Ni da na fi kowa korar baƙi, 'yata ce ta sayar da mu. Idan ruwan nan ya lalace, da wane ido zan kalli maƙwabta? Yaron nan ya sake taka ƙofata, ke da shi za ku fita."

Chizuru ba ta yi kuka ba. Ta wanke hannu ta rubuta wa Ryohei, tana kiransa da sunan gidansu kamar baƙo:

"Momose-san, na ga tallanku. Ya yi kyau. Ashe taswira kake nema, ni ce sakarar da ta ɗauka wani abu ne daban. Kada ka sake kirana."

Amsa ta shigo nan take: "Chi-chan, ban ba da hoton nan don talla ba. Ki ɗaga waya in yi miki bayani, don girman mamarki."

Ganin ya ambaci mamarta ya ƙara tunzura ta. Ta toshe lambarsa.

A Nagoya, Ryohei ya shiga ofishin maigidansa ya nemi a sauke tallan. Maigidan ya ce an riga an sayar da kujeru, ba zai ɓata wa fasinjoji rai saboda budurwar wani ba. Ryohei ya cire katin aikinsa daga wuya ya ajiye masa a tebur, ya fita.

Ranar da bas ɗin farko zai iso, mazan ƙauye suka tsaya a bakin hanyar tafkin, tsoho Kamijo a gaba. Sai ga Ryohei ya zo ya tsaya a ƙarshen layi.

"Me ya kawo ka?" tsohon ya daka masa tsawa.

"Abin da ya kawo ku."

Kafin a kore shi bas ya tsaya. Wata budurwa mai riƙe da 'yar tuta ta sauko, tsofaffi na biye da ita da sanduna da kyamarori. Sayuri ke nan, abokiyar aikin Ryohei, wadda ta daɗe tana kawo masa abincin rana yana godiya kawai.

"Hanyar nan ta manoma ce, ba a shiga," in ji Ryohei.

"Kai ne za ka gaya mini? Kai da ka bar aiki?"

"Na turo miki hoton ne don kin ce za ki gyara mini haskensa in buga. Ban ce ki sa a talla ba."

Fuskar Sayuri ta yi ja. Ta manta da fasinjoji.

"Shekara nawa ina gabanka ba ka gan ni ba? Sai ka zo kana cusa mini hoton 'yar ƙauye a ido, wai ga wadda za ka aura. Me kake so in yi da shi, in rataya a ɗakina?"

Chizuru tana bayan mahaifinta, kwandon abincin da ta kawo wa maza yana hannunta.

Fasinjoji suka fara ƙorafi. Wata tsohuwa ta ce tun safe suke zaune a mota, ko a nuna musu wani abu ko a mayar da su gida. Ryohei ya sunkuya musu ya gaya musu gaskiya, ya ce tafkin ruwan noman mutane ne, amma akwai wata gada da ganye ya rufe ta da ja, kuma tafiyar ba hawa. Sannan ya juya wurin tsoho Kamijo.

"Kamijo-san, ba su ci abinci ba."

Tsohon ya dubi tsofaffin nan, sa'anninsa ne. Ya yi tsaki ya nufi masauki.

Ranar Chizuru ta dafa soba kamar za ta fasa tukwane. Da bas ya tafi, ta tarar da Ryohei a bayan kicin yana wanke kwanuka.

"Ka gaya wa wata mace za ka aure ni, ni ba ka tambaye ni ba?"

"Tsoro nake ji."

"Tsoron me?"

"Ki dube ki yanzu."

Ta jefa masa tsumma a fuska. "Kai ka ba ta hoton da hannunka. Na ce maka wurin mamata ne."

"Na yi wauta, Chi-chan. Ɗoki ne ya ɗebe ni. Ba zan bar ƙauyen nan ba sai na gyara abin da na ɓata."

Bai tafi ba. Ya kama ɗaki a gidan wani manomi. Tallan ya riga ya yaɗu, masu ƙananan motoci suna ta zuwa neman tafki, shi ke tsayawa a bakin hanya yana mayar da su, ana zaginsa. Dusar ƙanƙara ta sauka, ya koyi share ta daga rufin gidajen tsofaffi, har ya faɗo sau ɗaya ya gurɗe ƙafa. Chizuru ce ta ɗaure masa, tana faɗa tana ja da ƙarfi.

Da yamma ta buɗe lambarsa ta rubuta: "Na yafe rabi. Sauran rabin sai ka tambaye ni yadda ake tambayar mutum."

Washegari ya zo da ɗingishi ya tambaye ta, ta ce to. Suka durƙusa gaban tsoho Kamijo, ya ce a'a, ya tashi ya bar musu ɗakin. Suka sake zuwa, ya ce mutumin da ba shi da aiki ba ya neman aure. Sai da shugaban ƙauye ya zo da kansa ya ce ƙauye ya ɗauki Ryohei ya riƙa tsara wa baƙi yawo a ƙafa, kaɗan-kaɗan, ta inda mutanen gari suka yarda. Ƙanƙara ta narke, wasabi ya fito kore shar. Tsoho Kamijo ya je ya duba da idonsa, ya dawo ya tarar da Ryohei yana faskare.

"Ba haka ake riƙe gatari ba. Surukin gidan nan ba zai kunyata ni gaban mutane ba. Kawo."

An ɗaura auren a ɗakin bautar ƙauye lokacin da furanni suka buɗe. Iyayen Ryohei suka zo daga Nagoya. Chizuru cikin fararen kayan amare, kai a sunkuye, tana raɗa wa ango ya daina hawaye mutane na kallo.

Wajen walima aka ce uban amarya ya yi magana. Tsoho Kamijo ya miƙe, ya daɗe yana kallon kofin da ke hannunsa.

"Ban so ka ba," ya ce. "Kowa a nan ya sani. Yanzu kuma ban san wanda zan ba wa ita ba in ba kai ba. Ku zauna lafiya. Ku tsufa a gidan nan, ku ga 'ya'yan 'ya'yanku. Kuma daga yau ka daina ce mini Kamijo-san."

Ryohei ya sunkuya har goshinsa ya taɓa tabarma.

"Na gode, Baba."

Tsohon ya ce bari ya je ya duba tukunya, ya fita da sauri. Babu komai a kan wuta, kuma babu wanda ya tuna masa.