Facin da Ba a Gwada Ba

Yammacin ya fara kamar kowane yammaci. Mai faci ya jawo famfonsa cikin zaure, ya tattara ƙarafan cire taya, ya bar daron ruwa kaɗai a tsakar gida. Matarsa tana hura wuta, Auta kuma, 'yar da ta rage musu, tana kwashe shanya. Tun rasuwar Dogo gidan ya daina hira, kowa yana aikinsa kamar baƙo.

Dogo shi ne ɗansu na fari, haya yake yi da babur. Ranar da zai rasu ya turo babur ɗin da ƙusa a tayar baya, fasinja na jiransa a bakin titi. Uban ya zaro tub, ya hura, ya tsoma a daro har ya ga inda kumfa ke fita, ya kankare wurin, ya shafa gam, ya manna faci. Saura abu guda, wanda bai taɓa tsallake wa ko wanda ba sa ga maciji da shi ba, wato a sake hurawa a mayar cikin ruwa, a ga ko facin ya kama. Dogo ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, hannunka ne fa. Mayar kawai." Shi kuwa ya mayar. Kafin isha aka kawo masa babur a lanƙwashe, tayar baya a fashe, ɗansa kuma a bayan mota an lulluɓe shi.

Masu gaisuwa suka ce kwana ne ya ƙare, wasu suka ce rami ne a titi. Ya gyaɗa musu kai. Amma ya zare tub ɗin ya ajiye, duk a yage, facinsa na manne a gefe. Yagaggen tub ba ya riƙe iska, saboda haka babu yadda za a gwada shi. Sai ya shiga liƙe yagar kaɗan-kaɗan duk magariba, don wata rana ya hura ya tsoma, ya san ko hannunsa ne ya kashe ɗansa. In ya liƙe nan, can ya buɗe. In duhu ya hana shi gani, sai ya ɗauki daron ya watsa ruwan bayan tarin tsofaffin tayoyi, ba bisimilla, ba komai. Mai baƙin ciki ba ya kallon inda yake zuba ruwa.

A wannan yammacin, yana watsa ruwan sai wani abu ya faɗo kan rufin kwano. Dutse ne. Wani ya biyo baya, sannan ƙusoshi masu tsatsa suka riƙa zubowa tsakar gida, alhali babu kowa a bayan katanga. Daga cikin tarin tayoyin wani sauti ya taso, siririn hucin iska mai sulalewa, wanda kunnen mai faci ba ya ɓata. Auta ta saki kayan da ke hannunta, ta tsaya cak. Da ta buɗe baki, muryar Dogo ce ta fito.

"Baba, sannu da aiki."

Uwar ta ƙwalla ƙara ta yi salati. Mai faci kuwa, Allah ya yafe masa, daɗi ya ji.

Haka abin ya zama kullum. Da rana Auta tana kwance ba ci ba sha, idonta a kafe. Rana na faɗuwa sai jifa ta fara, sai ta tashi zaune ta miƙe ƙafa irin zaman yayanta, ta yi ta zolayar uban da gashin bakinsa da tsohon famfonsa mai tari. Shi kuma ya jawo kujera ya zauna, har dariya yake yi. Yarinya tana ramewa a gabansa, wuyanta ya zama kamar sillen kara, amma duk sanda matar ta ce a kira malam sai ya ce a bari zuwa gobe.

"Baban Dogo," ta ce da shi wata safiya, muryarta a dishe, "ɗaya na binne. Wallahi ba zan zuba ido ka taya abin nan cinye min ɗayar ba."

Ba ta jira amsarsa ba, ta yafa mayafi ta fita.

Malamin da ta kawo dattijo ne marar yawan magana. Ya iso gab da magariba, ya dubi daron, ya dubi tarin tayoyi, ya dubi tub ɗin da faci ya yi wa yawa. Ya zauna kusa da kan Auta ya fara karatu a hankali. Jifa ta tsananta, sannan ta tsaya. Shiru ya cika gidan, ko kaji ba su motsa ba.

"Baba, zafi! Ka ce ya daina!" in ji muryar Dogo.

Mai faci ya zabura, matarsa ta riƙe masa riga.

"Wanda ya tafi ba ya dawowa," in ji malamin. "Ajiye muryar da ka ara. Wane ne kai?"

Yarinyar ta yi wata irin miƙa, sai wata murya ta fito, tsohuwa, mai kauri. "A tayoyin nan nake tun yaron yana rarrafe. Kullum mutumin nan yana jiƙa ni da ruwa yana kiran sunansa. Ya kira, na amsa. Laifina ke nan?"

"Yarinyar ba ta kira ka ba. Fita."

"Zan fita, amma ba yau ba." Idon Auta ya juyo kan uban. "Ina cikin tayar babur ɗin ranar. Na ga inda iska ta fara fita. Ka bar min ita zuwa ƙarshen wata, in faɗa maka ko facinka ne."

Mai faci ya matso kusa. Abin da ya hana shi barci ke nan, abin da ya sa ya ƙarar da gam da idanunsa, ga shi an miƙo masa.

"Ba za ta kai ƙarshen wata ba," malamin ya ce da shi, bai ɗaga murya ba. "Kuma ko ya faɗa, ba ka da daron da za ka gwada maganarsa. Kai ka buɗe masa ƙofa, kai za ka rufe."

Mai faci ya dubi 'yarsa. Sai yanzu ya ga yadda awarwaronta ya zame har gwiwar hannu, ya ga leɓɓanta a tsage. Ya daɗe bai kalle ta ba, bakinta kawai yake saurare.

"Allah gafarta Malam," ya ce, hawaye na bin gemunsa, "a ce masa ya riƙe amsarsa. Ba na so."

"Baba..." Muryar Dogo ce ta dawo, a raunane. "Korata za ka yi?"

Mai faci ya toshe kunnuwansa da hannu biyu, ya durƙusa. "Fita daga jikin 'yata. Don Allah fita."

Malamin ya ɗora karatu. Aljanin ya nemi a kwashe masa tayoyin a kai bayan gari, a daina zuba masa ruwa, aka amince. Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale jikin uwarta.

Can ta buɗe ido, ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Da 'yar siririyar muryarta ta ce, "Baba, ƙishirwa nake ji."

Ya tashi da sauri ya nufi randa, yana godiya ga Allah. A bakin randar ya ɗebo ruwa, amma bai juyo ba. Ya zauna a ƙasa da moɗa a hannu, ya fashe da kukan da bai yi ba ranar jana'iza, domin a wurinsa yau ne Dogo ya rasu.