Mai Iskar Dama Shi Ke da Hanya

"Wa ya gaya maka sadaka na fito nema a teku?"

Muryar Baba Eben Corkum ce ta karaɗe matsayar jiragen ruwa, har masu naɗe filafilan zane, waɗanda iska ke tura jiragen da su, suka dakata da igiyoyi a hannu. Greta, 'yarsa tilo, tana tsaye a bayansa, jiƙe sharkaf da ruwan gishiri.

Ansel Mosher ya cire hularsa, ya sunkuyar da kai.

"Baba, wallahi ban yi nufin..."

"Kada ka ƙara ce mini Baba! Iskar dama ce da kai, hanya taka ce. Tun kana da majina a hanci aka koya maka wannan. Maimakon ka buɗe baki ka ce 'Dama!' kamar kowane matuƙi, sai ka ɗaga mini hannu, wai in wuce... In wuce! Kamar tsohuwar da ake tsallakar da ita titi!"

Babu wanda bai san dokar ba a wannan ƙaramin gari na gaɓar Nova Scotia. Idan jirage biyu za su gitta juna, wanda iska ke bugowa ta damansa shi ke da hanya, ɗayan kuwa dole ya kauce ya bi ta bayansa. A tseren ranar, Ansel ya yafe haƙƙinsa. Baba Eben kuma ya ƙi karɓar kyautar, ya kauce kamar yadda doka ta ce, amma a makare, har wasu jirage suka wuce su.

Kawu Wendell, abokin Baba Eben tun ƙuruciya, wanda shi ne na ukunsu a jirgi, ya sa baki. "Haba Eben, yaron nan ladabi ya yi maka."

"Ladabin da ake yi wa gawa." Tsohon ya sake juyawa ga Ansel. "Maganar da ka kawo mini ranar Lahadi bayan coci, ka mayar da ita aljihunka. Ba na ba da 'yata ga wanda ya riga ya binne ni da raina."

Ya wuce yana jan ƙafa, hannunsa na dama na rawa, kamar yadda yake yi tun lokacin sanyin da ya wuce.

Makon tsere na watan Agusta shi ne bikin garin. Tun Greta ba ta iya tafiya ba ake ɗaure ta a cikin farin jirgin katakon da mahaifinta ya sassaƙa da hannunsa, mai nauyin darma a gindi, wanda iska ke kwantar da shi amma ba ta kifar da shi. Uban yana riƙe da sandar tuƙi, mahaifiyarta Lorna tana jan igiya tana waƙoƙin coci. Da Allah ya karɓi ran Lorna, Greta ta gaji wurinta. Bana kuma likita ya faɗa ba tare da ɓoye-ɓoye ba: zuciyar tsohon ba za ta ɗauki wani makon tseren bayan wannan ba.

Kafin faɗuwar rana ta sami Ansel a bayan rumfar gyaran jirage, yana wanke koren jirginsa.

"Me ya hana ka gaya masa cewa ni na roƙe ka ka bar masa hanya?"

"Gara ya yi fushi da ni. Ke kaɗai gare shi."

"Na jawo maka, Ansel... Ni dai so nake ya ɗaga kofin nan sau ɗaya kafin..." Kuka ya ƙwace mata.

Ya ajiye bokitin, ya matso. "Greta, hasken idona, daina kuka. Mu ba yara ba ne. Idan ya ƙi, sai mu je a ɗaura mana aure a birni. Zai huce daga baya."

"Daga baya? Wane baya ya rage masa?" Ta girgiza kai. "Ina sonka, Allah ne shaida. Amma ba zan taka ƙofar coci ba sai hannuna yana cikin nasa."

"To gobe fa? An kafa sakamako, ni da shi mun yi kunnen doki. Wanda ya riga ɗan'uwansa shi ke da kofi. In na ci shi, na ƙwace masa burinsa na ƙarshe. In na bar masa, na zage shi. Gaya mini, ya zan yi?"

Ta share hawayenta. Ta tafi gida tana addu'a a zuci.

Da safe ta tarar da mahaifinta a cikin jirgi, yana shafa wa sandar tuƙi mai. Kawu Wendell yana gefe da kofin shayi da ragowar burodi.

"Baba, ni na sa shi."

"Na sani." Bai ko ɗago ba. "Fuskar uwarki gare ki, ba ta iya ɓoye komai."

"To don me ka hukunta shi?"

"Ke 'yata ce, tsoro ne ya sa ki. Shi kuwa matuƙi ne. Namijin da zai yi ƙarya don ya faranta miki yau, gobe ke zai yi wa." Ya nuna mata wuri kusa da shi. "Zauna. Kin san yadda na haɗu da uwarki?"

"Kowa ya sani, Baba. Ta ci ka a tsere."

"Ta ci shi? Wulaƙanta shi ta yi!" in ji Kawu Wendell. "Ina cikin jirgin, har yau kunnena bai warke ba."

Baba Eben ya yi ɗan murmushi, idonsa na kan ruwa. "A lokacin ni ne zakara, duk gaɓar nan ana kauce mini ko da hanya ba tawa ba ce. Sai ga wata yarinya da jan ɗankwali, a jirgin wanta, ta taho da iskar dama. Na ɗauka za ta ji nauyina. Sai na ji, 'Dama! Ka kauce, Corkum, ko in raba maka jirgi biyu!' Na kauce. Da na bi ta bayanta, ta waiwayo ta yi mini gwalo... A nan na san na ga matata. Duk zamanmu ba ta taɓa raga mini ba, ko a wasan karta. Shi ya sa idan ta ce na yi daidai, nakan san na yi."

Sai muryarsa ta yi ƙasa.

"Tun ranar da likita ya yi magana, garin nan ya koma auduga. Ke kin daina yi mini gardama. Wannan tsohon banzan ya daina zagina."

"Allah ya huci zuciyarka," in ji Kawu Wendell. "Da ma kana so? Ai zagi rumbu guda na tara maka."

"Teku kaɗai ta rage da ba ta san ina ciwo ba. Nan ne kawai nake Eben Corkum. Shi ne yaron nan ya biyo ni da tausayi har can."

Hawaye ya zubo wa Greta. Labarin da ta taso tana ji a matsayin abin dariya, sai yau ta gane shi. Ta miƙe ta duba wajen koren jirgin, amma ya riga ya fita. Babu halin gaya wa Ansel komai.

Aka harba bindigar farawa, iskar kudu maso yamma tana kaɗawa da ƙarfi. Farin jirgin ya kwanta a gefe guda, ruwa na feso musu a fuska. Abin mamaki, hannun da ke rawa a tudu ya natsu a kan sanda. Tsohon yana karanta iska a fuskar ruwa tun kafin ta iso, yana ba da umarni a taƙaice.

"Ja! Ƙara kaɗan... Wendell, nauyinka nake so a gefe, ba surutunka ba!"

"Ai ga shi nan duka, kurman tsoho! Tuƙa kawai!"

Suka zagaya alamar ƙarshe, jirage biyu a gaba, saura can baya. A zangon ƙarshe zuwa layin gamawa suka rabu, Ansel ya nufi wajen tsibiri, Baba Eben ya bi gaɓa. Da suka juyo don haɗuwa, Greta ta leƙa ta ƙarƙashin filafili. Koren jirgin ne da iskar dama. Kamar jiya.

"Za mu wuce ta gabansa?" in ji Baba Eben.

"Ba za mu wuce ba, Baba. Saura ƙiris, amma ba za mu wuce ba."

"Uhm." Bai karkata sandar ba. Yana jira.

Tana hango fuskar Ansel. Bakinsa a rufe, idonsa yana kanta, hannunsa ya fara sassauta igiya don ya rage gudu a ɓoye. Ta san in ya yi haka tsohon zai gani, kuma shi ke nan.

Ta miƙe a gefen jirgi, ta riƙe wayar da ke ɗaure da jigon filafili, ta ƙwala kira da dukan ƙarfinta.

"Ansel Mosher! In kana sona, ka buɗe baki!"

Ya dube ta, ya dubi tsohon. Sai ya ja igiyarsa tamau.

"Dama! Dama! Ka kauce, Corkum!"

"Yauwa!" in ji Baba Eben. "Saki igiya, Lorna, saki!"

Greta ba ta gyara masa sunan ba. Ta saki. Farin jirgin ya sunkuya ya bi ta bayan koren, kusa ƙwarai, har Kawu Wendell ya rantse daga baya cewa ya ga tambarin hular Ansel. Tsohon kuwa dariya yake yi, irin wadda Greta ba ta ji ba tun mahaifiyarta na da rai. Ya bi yaron da duk dabarar da ya sani, bai raga masa ko taƙi ba. Amma da bindiga ta tashi, koren jirgin ne a gaba da tsawon jirgi guda.

A matsayar jirage jama'a sun taru. Al'adar garin ce waɗanda aka ci su jefa zakara a ruwa, amma ranar babu wanda ya motsa. Ansel yana tsaye a bakin dakalin katako kamar mai jiran hukunci. Baba Eben ya tako a hankali har gabansa.

"Ka ci ni."

"Na ci ka, yallaɓai."

"Ka raga mini?"

"Ko kaɗan. Da na yi kuskure ɗaya, da ka cinye ni."

Tsohon ya gyaɗa kai. Sai ya sa hannuwansa biyu a ƙirjin Ansel, ya tura. Tsulum! Wuri ya kaure da shewa. Ansel ya taso yana tari, leɓɓansa na kaɗawa don sanyi. Baba Eben ya durƙusa da ƙyar, ya miƙa masa hannun nan mai rawa.

"Fito, ɗana, kada sanyi ya kashe mini kai kafin biki. Yanzu ka ce Baba in ji."

"Baba..."

Greta ta rungume su duka biyu, ba ta damu da jiƙa ba.

Da kaka, lokacin da ganyaye suka yi ja, aka ɗaura auren a ƙaramin cocin da ke kallon teku, hannunta cikin na mahaifinta tun daga ƙofa. Kafin ƙanƙara ta narke, Allah ya karɓi ran Baba Eben. Aka kwantar da shi kusa da Lorna, a tudun da ake hango jirage.

Da Agusta ya zagayo, mutane suka zaci Greta za ta koma jirgin mijinta. Sai ga farin jirgin ya fito, Kawu Wendell yana jan igiya yana mita, ita kuma riƙe da sandar da tafin mahaifinta ya sa ta yi sulɓi. A gittawar farko ta hango koren jirgin yana tahowa, iska kuma tana bugo mata ta dama. Ta share idonta da bayan hannu, ta cika ƙirjinta.

"Dama! Ka kauce, Mosher!"

Ya kauce, yana dariya.